Hattara Da Ƙurar Tsohon Silin

 

Kowa ya bi ta cikin garuruwanmu da rani a 'yan shekarun nan ya san magina da kafintoci ba su da hutu. Da zarar albasa da tafarnuwa sun yi kuɗi, ko shinkafar fadama ta yi albarka, sai ka ga mutum ya tasam ma gidan da ya gada shina gyara. Wanga abu ne mai kyau, ba mai zarginsa. Amma cikin gyaran akwai wani aiki guda da ya zama yayi, wato a ɓamɓare tsohon silin ɗin nan mai launin toka, mai faɗin ƙafa huɗu-huɗu, wanda a ke ce ma asbestos, a jefar, a sa na fi'ofi mai ado ko na roba. Daga Acida har Gandi, ba unguwar da za ka rasa tarin gutsattsarinsa a ƙofar wani gida. A kan wanga aiki na ke son mu yi magana yau, kuma zan fara da laifin kaina, don kada wani shi ce malam ya zauna bisa buzu shina nuna mutane da yatsa.

Bara waccan wani maƙwabcina, mutumin kirki mai yawan alheri ga makarantarmu, ya tashi gyaran gidan mahaifinsa. Ya aiko a ba shi yara su taya shi kwashe shara, shi ba su na sabulu. Ban yi wani tunani ba, na ware masa goma sha biyu. Kafinta ya hau tsani da guduma shina dukan silin shina zubowa, yaran kuwa suna ƙasa suna tsincewa, wasu na share ɗaki da busasshiyar tsintsiya. Da la'asar sunka komo fari fat kamar waɗanda sunka kwana a injin niƙa, har girarsu. Ƙananan sun ciko aljihu da gutsattsarin, don sun gane shina zane bisa bango kamar allin makarantar boko. Munka yi dariya, na ce su tafi su yi wanka. Sai bayan kwanaki wani tsohon almajirina, wanda yanzu shi ke aikin duba-gari, ya zo gaishe ni, ya ga yaro na goga abin nan bisa dutse shina hura garin. Ya karɓe, ya zauna ya yi mini bayanin da ya hana ni barci daren nan. Tun daga ranar na shiga tambaya da bincike, ga kuwa abin da na samo.

Shi asbestos dutse ne da a ke haƙowa daga ƙasa, ba haɗin Bature ba ne. Abin mamakinsa, in an fasa shi sai shi warware zare-zare kamar auduga, har a kan kaɗa shi a saƙa. Wuta ba ta cinsa, ruwa ba shi ruɓar da shi, gara ba ta kusantarsa. Mutanen da sun san shi sarai. Malaman Larabawa da sunka rubuta labarin ƙasashe sun ambace shi cikin ma'adinan Badakshan, a ƙasar Afganistan ta yau, suna kiransa hajarul fatila, wato dutsen lagwani, domin da shi a ke yin lagwanin fitila wanda ba shi ƙonewa. Larabawan zamani kuwa suna ce masa hariris sakhri, alharinin dutse. Da Turawa sunka shiga zamanin injuna sai sunka gane in an kwaɓa zarensa da siminti a kan samu falle mai ƙarfi, marar nauyi, mai araha. Cikin kowane falle na silin ko na rufi, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 zaren nan ne, saura siminti.

Ta yaya ya iso mu? Kakanninmu ba su san shi ba. Tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da Wurno ribaɗinsa, inda anka binne shi a 1837, har zuwa kuruciyar iyayenmu, ginin ƙasar nan tubali ne da azara, a yi shafe da makuba, mai hali shi sa laso, mata su yi ma ɗaki ado da farar ƙasa. Sai dab da samun mulkin kai anka kafa kamfanin yin fallayen asbestos a Ikeja ta Ikko a 1959, wanda daga baya anka sani da Nigerite. A farkon shekarun 1960 anka kafa wani a Emene kusa da Inugu, sa'an nan Eternit a Safele, da Giwarite a Kano, da wani kuma a Bauci. Da kuɗin mai sunka zo, gwamnati ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta a 1976, anka gina azuzuwa ƙauye-ƙauye. Zamanin Shagari, daga 1979 zuwa 1983, anka yi gidaje masu sauƙin kuɗi. Asibitoci, ofisoshi, gidajen ma'aikata, masallatan Juma'a da anka sabunta, da yawansu da wanga silin anka rufe su. Duk attajirin da ya yi rufin kwano a lokacin, shi ma da shi ya tare zafin kwanon. Kuma kada mu raina wayon iyayenmu. A garin da zafin bazara ke narkar da mutum, abin da ke sanyaya ɗaki, ba shi cin wuta, gara ba ta cinsa, ga araha, wa zai ƙi shi? Ba wanda ya gaya musu aibinsa.

To, ga aibin. Zaren nan in ya karye ba shi zama gari irin na ƙasa, sai shi tsage a tsaye, shi ƙara tsagewa, har shi zama 'yan allurai waɗanda ido ba shi gani sai da madubin likita. Ba su da wari, ba su sa atishawa. Suna iya yin sa'o'i suna yawo cikin iskar ɗaki bayan ƙurar da a ke gani ta kwanta. Ƙurar hunturu da ta sussuka, Allah ya yi ma jiki dabarar fid da mafi yawanta ta majina da kaki. Waɗanga kuwa saboda sirantakarsu sai su zarce can ƙarshen huhu su kafe, jiki shi yi ta fama da su shekara da shekaru bai narkar da su duka ba. Inda sunka kafe sai tabo shi fito. In tabon ya yawaita huhu shi ƙandare kamar fatar da ba a jeme ba, mutum shi riƙa haki ko daga ɗaki zuwa masallaci. Wagga cuta ɗaya ke nan, kuma galibi ta masu daɗewa cikin ƙurar ce. Ta biyu ciwon dajin huhu, wanda haɗarinsa ke ninkuwa ƙwarai ga mai shan taba. Ta uku ita ta fi muni, wani ciwon daji ne da ke kama tantanin da ya lulluɓe huhu, likitoci na kiransa mesoteliyoma. Ƙirji shi tara ruwa, a zuƙe shi komo, mutum shi rame shi ƙare. Har yau ba a samo maganin da ke warkar da shi ba, kuma kusan duk inda anka gan shi, in an bi sawu, sai a tarar da asbestos a baya.

Abin da ya sa wagga musiba ta ke ɓoyuwa shi ne jinkirinta. Maciji in ya sari mutum, nan take a ke neman mai magani. Wanga kuwa sai bayan shekara 20, ko 30, har 40 da ɗoriya shi ke tasowa. Yaron da ya share ɗaki shina ɗan shekara 10, in abin ya same shi, sai ya zama magidanci mai 'ya'ya. Ran da ya kwanta, wa zai tuna da wata la'asar da ya komo gida fari da ƙura? Sai a ce sanyi ne, ko tarin fuka, ko a ce an yi masa jifa, a ɗora ma kishiyar uwarsa ko abokin kasuwancinsa.

Su kansu Turawa sun daɗe kafin su yarda. A 1924 wata mata mai suna Nellie Kershaw, mai kaɗin zaren asbestos a masaƙar Turner ta garin Rochdale a Ingila, ta mutu tana da shekara 33. Likitan da ya duba gawarta ya tarar huhunta duk tabo, cike da ɓurɓushin dutsen nan. Kamfanin bai karɓi laifi ba, bai biya ko kuɗin binne ta ba. Gidan Turner ɗin nan kuwa su ne daga baya sunka zo sunka kafa masana'antar Emene. A 1955 wani likitan Ingila, Richard Doll, ya tabbatar da lissafi cewa ma'aikatan asbestos sun fi sauran mutane kamuwa da ciwon dajin huhu nesa ba kusa ba.

Amma labarin da ya fi kama da halinmu a nan Afirka ya faru. A garin Kimberley na Afirka ta Kudu akwai asibitin masu tarin fuka. Babban likitan wurin, Sleggs, ya lura da wani abu: majinyata masu ruwa a ƙirji da ke zuwa daga wani yanki suna shan magani su warke, amma masu zuwa daga yankin Kuruman, inda a ke haƙar shuɗin asbestos, suna shan magani iri ɗaya su mutu. Ya haɗa kai da wani likita, Wagner, sunka bincika. A 1960 sunka bayyana labarin mutum 33 masu ciwon tantanin huhu, 32 daga cikinsu sun shaƙi ƙurar dutsen nan. Abin tsoro, da yawansu ba su taɓa aikin haƙa ba. Wasu a gefen mahaƙar kawai sunka tashi, suna yara suna wasa bisa tarin tarkacen. Ku dubi wanga da kyau, malamai. Da likitan nan bai zama mai lura ba, da har yau sunan cutarsu tarin fuka. Mu nan, mutum nawa ne daga ƙauyukan Rabah ko Goronyo ke isa asibitin koyarwa na Sakkwato a ɗauki hoton ƙirjinsa, balle a yanki tsoka a duba? Rashin jin labarin cutar a ƙasarmu ba hujja ba ce ta rashinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum fiye da 200,000 ke mutuwa kowace shekara saboda asbestos da sunka shaƙa wurin aiki, kuma ta ce duk launukansa, da fari da shuɗi da ruwan ƙasa, suna kawo ciwon daji. Ƙasashe fiye da 50 sun haramta shi. Ingila ta hana shuɗi da ruwan ƙasa a 1985, ta hana farin a 1999. Tarayyar Turai ta hana a 2005, Afirka ta Kudu da a da ta ke haƙarsa ta hana a 2008, Kanada a 2018. A Kanada ɗin nan akwai garin da sunansa ma Asbestos, saboda alfahari da mahaƙarsa. A 2020 mutanen garin sunka jefa ƙuri'a sunka sake suna don kunya. Duk da haka Rasha da Kazakistan da Sin ba su bar haƙarsa ba, Indiya kuma na saye tana yin fallayen rufi da shi. Manyan kamfanonin ƙasarmu, irin su Nigerite da Emenite, sun bar sa shi tun farkon shekarun 2000, sun koma wani zare, ko da shi ke sunan ya bi kayan, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama omo a bakin mata. Saboda haka sabon falle na kamfanin gida da a ke ce ma asbestos a kasuwa yau ba lalle ne akwai shi ciki ba. Tsohon da ke bisa kanmu tun zamanin Gawon da Murtala da Shagari, shi ne abin magana.

Mu mutanen wanga yanki bai kamata a daɗe ana yi mana bayanin ƙura mai kisa ba. Ga Zamfara nan kusa. A 2010 yara wajen 400 sunka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, saboda iyayensu na niƙa dutsen zinariya cikin gida, ba su san da dalma ciki ba. Ba mugunta ta kashe yaran nan ba, neman halali ne tare da rashin sani. Bambancin kawai, dalma ta yi gaggawa har duniya ta ji, ta kawo likitoci. Asbestos ba shi da gaggawa, don haka ba mai zuwa.

A nan sai in ja linzami, don na san halinmu. Wani na gama karanta wanga zai ɗaga kai shi dubi silin ɗin ɗakinsa, gobe da sassafe shi kira kafinta a farfashe. To, wanda ya yi haka ya fahimce ni a baibai, ya gudu daga yayyafi ya faɗa gulbi. Muddin falle na nan lafiyayye, da fentinsa, ba a huda shi ba, ba a goge shi ba, zaren na ɗaure cikin siminti kamar kura a turke, abin da ke fita daga gare shi kaɗan ne ƙwarai. Mutum na iya kwana ƙarƙashinsa shekara 50 lafiya lau. Ran da a ke sakin kurar ita ce ranar guduma, da zarto, da injin garanda, da tsintsiya. Haka kuma wanda ya taɓa shiga ƙurar sau ɗaya kada shi ɗauka ajalinsa ya zo. Galibin irinsu ba abin da ke samunsu. Haɗarin shina ƙaruwa ne da yawan ƙurar da yawan maimaitawa, ko da shi ke masana ba su sami wani gwargwado da za su ce ƙasa da shi ba komi ba. Waɗanda na fi ji ma tsoro iri biyu ne: kafinta da leburan da wanga aiki ya zama sana'arsu, yau gidan wane gobe gidan wane, da kuma yara, domin su ke da sauran shekarun da cutar ke bukata ta nuna.

Saboda haka shawara ta fari, in silin ɗinka lafiya shi ke, bar shi. In ya dushe, a shafa masa fenti da burushi mai laushi ba tare da an kankare ba. In ado ka ke so don amarya, ana iya buga na roba a ƙarƙashinsa, a sa ƙusa cikin katako ba cikin fallen ba, sai dai a gaya ma magada abin da ke ɓoye a sama, kada su zo bayanka su fasa da rashin sani. Wanga ya fi araha, ya kuma bar maka sanyin ɗaki. Ni dai ban ga abin da fi'ofi ya fi shi ba in banda ƙawa, ga shi da ɗigon ruwa kaɗan sai shi rufto.

Sai maganar bango. Akwai wani shafe mai ƙurji-ƙurji da a ke yi ma bango da silin don ado, masu fenti na ce ma irinsa teskot. A Ingila irin wanga shafe, mai suna Artex, da farin asbestos a ke haɗa shi har tsakiyar shekarun 1980, kuma a Amurka sai a 1978 anka hana fesa mai asbestos don ado. Gidajen gwamnati da na kamfanoni da anka yi ma ado da kayan waje a wancan zamani, ido ba shi iya rarrabe mai shi da marar shi, sai an kai ɗakin gwaji. Kuma shafen ya fi falle saurin zama gari in an kankare shi a bushe. Ga shi tsohon fentin mai sau da yawa akwai dalma cikinsa, ita ma guba ce ga yara. To, hukuncin mai hankali, duk shafen zamani da ya girmi shekara 30, kada a sa masa sanfefa ko garanda. A yi sabon filasta a bisansa a rufe, ko in dole ne a jiƙa shi sharkaf a ɗebe da cokalin magini a hankali. Makuba da farar ƙasa da jar ƙasar kakanninmu ba su cikin wagga magana.

Akwai lokacin da cirewa ta zama tilas. Rufi ya yi yoyo, gara ta cinye katakon, jemagu sun tara kashi har falle ya lotsa, ko iskar farkon damina ta yaye kwano. Waɗanda sunka ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwan madatsar Goronyo ya bi gulbin Rima ya rushe garuruwa har ya cinye gadar jami'a a Sakkwato, sun san yadda gini ke zama tarkace dare ɗaya. In ta kama a cire, to a fid da kayan ɗaki duka, tabarma da katifa da tufafi da abinci. Mata da yara su bar sashen, a rufe ƙofar da ke shiga cikin gida, a kashe fanka. Kada a zaɓi ranar iska. A shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa. A zuba ɗan omo cikin ruwa a fesa ma fallen har shi jiƙe, a riƙa ƙarawa, amma a kashe lantarki tukuna. Sa'an nan a ɓamɓare siraran katakan da anka danne gaɓoɓin da su, a zare ƙusa, mutum biyu su sauko da falle ɗungum, ba jifa. Wanda ya fashe a tsince da hannu shina jiƙe. Ba shara da tsintsiya, sai goge da jiƙaƙƙen tsumma, tsumman kuma a haɗa shi da sharar. Na san ruwa na da tsada da rani, amma jarka huɗu ta mai kura ba ta kai kuɗin allura ɗaya ba.

Mai aikin kuwa, amawalin rawani ba shi tare waɗanga allurai, haka ƙyallen da munka ɗaura zamanin korona. Akwai abin rufe hanci na musamman mai lamba FFP3 ko P100, a kan same shi wurin masu sayar da kayan ma'aikata a manyan birane, kuma sai ya manne ma fuska ba kafa. Mai gemu irina iska na shiga ta gefe, gara shi bar ma wani aikin. Rigar aiki kada ta shiga gida. A ƙasashen Turai an sami mata da yawa da cutar ta kashe, ba su taɓa taka masana'anta ba, kakkaɓe rigunan mazansu kawai su ke yi kafin wanki. A tuɓe a wurin, a jiƙa, in tsumma ce a jefa cikin sharar, a yi wanka kafin a ɗauki yaro. Kuma al'adar nan ta leburori, a sha gwangwanin madara bayan aikin ƙura wai ta wanke ƙirji, ba ta da asali. Madara ciki ta ke zuwa, ƙura kuwa huhu. Hanyarsu ba ɗaya ba ce.

Inda mu ke fi yin ɓarna shi ne bayan an gama. Na ga an cike ramin hanya da gutsattsarin, mota da babur na bi suna niƙawa, iska na kai ma mai tuyan ƙosai. Na ga an kare murhu da shi don iska. Na ga akurkin kaji. Wanda ya fi duka, a zuba bisa juji, da bazara jakai su kwashe da sunan taki a kai gona, garma ta yi ta juya shi kowace shekara. Wuta kuma ba ta cinsa, sai dai shi fashe da ƙara shi watsu. Abin da ya dace, a naɗe shi cikin leda riɓi biyu shina jiƙe, a ɗaure, a haƙa rami mai zurfi nesa da gona da fadama da inda a ke ɗibar ƙasar gini, a binne, a sanar da mai unguwa wurin. Da hakimai da shugabannin ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo za su keɓe wuri guda a kowace gunduma, su sa duba-gari su tara kafintoci da magina su koya musu yini ɗaya, da an rage abin da yawa, kuma ba wani kuɗi zai ci ba. Su fara da makarantun firamare, inda za ka shiga aji ka ga rabin silin na reto bisa kan yara, suna jifarsa da dutse lokacin tara.

Yanzu gare ku 'yan kasuwa. Tsohon falle da anka cire lafiyayye shina da masu saye, talaka ne ke ɗauka shi rufe shago ko ɗakin ɗansa, shi yanka da zarto daidai awonsa. Kun fi ni sanin abin da ke cikin babin ciniki na Risala da Muhtasar game da ɓoye aibin haja. Da, kuna da uzuri, don ba ku san aibi ba ne. Wanda ya karanta wanga, uzurinsa ya ƙare. Wani zai ce, to in na faɗi aibin mai saye ya yarda fa? Ni a ganina ko hakan bai wanke ka ba sarai, domin ba mai sayen kaɗai zai shaƙa ba, da matarsa da jaririnta da maƙwabcin da ba a shawarta ba. Na bar ma manyan malamai su yi tahƙiƙi, amma ni ba zan ci ribarsa ba. Masu sarin kayan gini daga waje kuma, ku riƙa tambayar abin da anka yi falle da shi da ƙasar da ya fito, ku nemi a rubuta muku. Kai kuma mai gida da ka yi jinga da kafinta, in ka san haɗarin ka yi shiru don kada shi ƙara kuɗi, ka sani jingar aikin hannunsa kunka yi, ba ta huhunsa ba. Aikin da a ke yi a hankali da ruwa shina cin yini biyu maimakon ɗaya. Biya shi na yini biyu.

Mu kuwa masu allo, yaran nan amana ce iyayensu sunka kawo daga nesa, wasu daga Gobir, wasu daga Adar. Su ne hannun da ya fi araha a gari, shi ya sa duk aikin da babba ke ƙyama su a ke kira. Ban hana almajiri aikin neman na sabulu ba, ni ma na yi ɗaukar tubali da jidon ruwa ina yaro, ban ga ya rage ni da komi ba. Amma tun daga waccan rana na kafa sharaɗi a makarantarmu: duk mai son yara shi faɗi aikin tukuna, in rushe tsohon gini ne ko kwasar silin, ba ni ba da ko ɗaya, ko wane ne shi. Maƙwabcin nan nawa ya ji zafi da fari, har ya yi sati bai zo karatun magariba ba. Da na je na same shi na yi masa bayani, shi da kansa ya sa anka tone gutsattsarin da ya zuba a lungu anka binne bayan gari. Sunayen yaran nan goma sha biyu kuwa na rubuta su a bangon littafina da shekarar, na kuma gaya ma manyansu, in wata rana sun girma ƙirji ya dame su, su faɗa ma likita sun taɓa aikin asbestos, kuma kada ɗayansu shi kusanci taba. Zauren da mu ke karatu shi ma silin ɗinsa irin wanga ne, tun na mahaifina. Falle biyu da sunka tsage mun jiƙa mun sauke da dare bayan yara sun tafi, sauran mun shafa musu farin fenti mun bar su inda su ke.